Bappa Joda da Baƙon da Bai Iso Ba

Duk wanda ya taɓa shiga shagon gem na Bappa Joda a Sintali ya san dokar farko: ba ka taɓa masa fad, wato abin bugawar nan na hannu, sai ka wanke hannunka. Buta tana bakin ƙofa, gefenta guntun sabulun wanki a kan murfin gwangwani. In ka wanke, sai ka miƙa masa hannuwan ya duba ciki da baya kamar hedimastan firamare, sannan ya kai hanci.

"Ka ci ƙosai."

"Haba Bappa, tun da safe ne fa!"

"Mai bai san safe ba. Koma."

Wallahi na ga ƙato mai gashin baki, ma'aikacin banki har da nakatayel, ya koma bakin butar nan sau biyu yana ƙunƙuni. Kuma washegari ya dawo.

Saboda waɗanda suka zo daga baya, sunansa Hammanjoda, wan mahaifina ne. Daga bakina kuka ɗauki Bappa har ya bi unguwa. Shekara talatin da biyar ya yi yana ɗaukar fayil a rajistirin wata ma'aikata. Da aka biya shi giratuti dangi suka taru kowa da shawararsa, wannan ya ce shanu, wancan ya ce injin niƙa. Ya saurari kowa, ya yi godiya, ya tafi kasuwa ya dawo da talabijin huɗu da injin gem huɗu a cikin keken Bulus. Bulus ɗin nan dai da kuka sani, mai keke mai ƙafa uku, wanda rabin cinikinsa a shagon yake ƙarewa. Ni kuwa da yake ina koyarwa a sakandare kuma ni nake duba masa duk abin da ya shafi intanet, sai ya raɗa mini Sakatare.

Abin da ba kowa ya lura ba shi ne, Bappa bai taɓa buga gem ba. Ko sau ɗaya. Na ce masa wata rana, "Bappa, ka gwada mana ka ji abin da kake sayarwa."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Shekara talatin da biyar ina ɗaukar fayil. Ka taɓa jin na karanta ɗaya?"

To, mu zo kan maganar Baƙo, don shi ne ya cinye mana Bappa.

Kun tuna lokacin da duniya ta ɗauka cewa wani kamfani a ƙasar waje ya shafe shekaru yana ƙera wani gem da ba a taɓa yin irinsa ba. A shagon babu hirar da ake sai tasa. Bappa yana zaune a kujerarsa ta ƙarfe kamar ba ya ji, ashe kowace kalma tana shiga. Ran nan da hantsi Bulus ya faka keke a karkace, ya faɗo shago yana haki.

"Bappa! Tirela ta fito! Tirelar gem ɗin ta fito!"

Samari suka yi caa a kan wayar Bulus. Babu wanda ya ga fitar Bappa. Sai da na taso daga makaranta Goggo Dudu, matarsa, ta tare ni a ƙofar gida ta ce Bappanka ya sa babbar riga ya ɗauki kujera ya fita tun ɗazu, ko abinci bai ci ba. Na hau mashin na shiga nema. A bakin babban titin da manyan motoci suke shigowa gari na same shi, a ƙarƙashin wata bishiya, yana ɗaga wa wani direban tirela hannu.

"Daga Legas? Gem ka ɗauko?"

"Baba, siminti ne."

"Wanda ya wuce ma siminti. Kai, garin nan gini kawai aka sani."

Na durƙusa na yi masa bayani cewa tirelar da ake nufi ɗan guntun bidiyon talla ne. Na buɗe masa a wayata. Motoci suna gudu, teku, jirgi mai saukar ungulu, gari ya cika da fitilu, minti ɗaya da rabi ya ƙare. Kun san Hausar Bappa ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a wurinsa.

"Tirelan ke nan? Ya ƙare?"

"Ya ƙare, Bappa."

"To ina kayan?"

"Sai baɗi, in ji su."

Ya ce, "Tirela babu kaya, babu direba, babu taya. Mutanen nan sun iya ƙarya mai kyau." Sannan ya ce, "Sake sa mini."

Sau bakwai ya kalla a bakin titin nan, zafi yana dukanmu. A hanyar komawa, yana bayana a kan mashin da kujerarsa a ka, ya ce mini sunan gem ɗin yana karya masa harshe, don haka daga yau sunansa Baƙo. Kuma baƙo irin wannan, in ji shi, ba a bari ya tarar da gida a hargitse.

Daga nan kullum Bulus ya zo da sabon labari. Masana a ƙasashen waje sun ce za a saye shi fiye da duk wani gem da aka taɓa yi. Wasu sun ce ranar fitowarsa ma'aikata za su yi ƙaryar ciwo su zauna a gida. Bappa ya ce, "Su suna lissafin duniya. Ni na Jalingo nake yi." Ya ɗaga yatsu. "Sintali A zai zo. Sintali B zai zo. Abbare zai zo. Kona zai zo a ƙafa. 'Yan jami'a kuma sai mun kore su da sanda."

Ya sa kafinta ya buga masa benci shida. Ya yanka tsofaffin bangon fayil ya rubuta lambobi a kai, irin katin layin asibiti, don kada a yi faɗa. Har mai kunun zaƙin da ke tsallake ya kira ya ce ta fara neman babbar kula ta zuba kunu tun yanzu, kada ta ba shi kunya.

Sai ga labarin da ya kamata ya tsayar da shi. Baƙo ba zai hau tsofaffin injuna ba, sai sabon samfuri, kuma kuɗin guda ɗaya ya isa a yi wa ɗaki rufi. Na ce alhamdulillahi, magana ta mutu. Ashe ban san Bappa ba. Yana da gona a Kona, gadon kakanmu, wadda masararta da gyaɗarta suke riƙe gidan daga kaka zuwa kaka. Ina tsakar gida ranar da ya gaya wa Goggo ya sami mai saye.

"Malam, gonar da muke ci?"

"In Baƙo ya zo, gona biyu zan saya maka. Ɗaya har da rafi."

"In bai zo ba fa?"

"Sun sa rana, Dudu. Kamfani ne babba. Sun sa rana."

Goggo ta ci gaba da tsince shinkafarta, ba ta ko ɗago ba. "Fanshonka ma an sa masa rana."

Na yi dariya har na ƙware. Yau in na tuna dariyar nan kunya nake ji, don ni ne ya kamata in tashi in tare ƙofa. Na dai ce, "Bappa, a ɗan jira mana," ya ce, "Sakatare ba ya magana a mitin," na bar maganar. Aka sayar da gona. Aka kawo sababbin injuna biyu daga Legas.

Kuma ya hana a buɗe su! Ya ɗora kwalayen a saman kanta ya lulluɓe da atamfar Goggo. Bulus ya yi roƙo har da durƙuso.

"Bappa, ko ƙwallo ɗaya mu buga mu ga yadda hoton yake. Minti goma."

"Na Baƙo ne. Ba za ku tsufar mini da shi da ƙwallonku ba."

"Ai ba ya tsufa da minti goma!"

"Kai ma da minti goma-goma ka kai haka."

Bayan wasu watanni tirela ta biyu ta fito. Wannan karon Bappa bai je bakin titi ba, amma titi ya zo masa. Domin a cikinta akwai harbe-harbe, akwai kuma mata a bakin teku da tufafin da ba su kai hankici ba. Bidiyon ya zaga wayoyin unguwa. Ranar Asabar da la'asar sai ga Malam Usmanu, maƙwabcinsa mai kantin magani, da wasu iyaye biyu, fuska a murtuke.

"Malam Joda, abin da ka sayar da gona don ka nuna wa 'ya'yanmu ke nan?"

Bappa ya ce su ba shi kwana uku. Ran na uku ya aika aka kira su. Ashe ya je wurin tela an ɗinka wa talabijin ɗin labule, ɗan ƙarami kore mai igiya, ya ɗaura a kan wayar ƙarfe. Ya sa na haɗa bidiyon a talabijin, shi kuma ya tsaya a gefe riƙe da igiya kamar mai jiran ɗaga tuta. Mota ta wuce, labule a buɗe. Bakin teku, shuu, ya ja. Ya leƙa ta gefe da ido ɗaya, ya buɗe. Bindiga, shuu. Gidan rawa, shuu. Ya buɗe, ya ga abin da ya gani, ya ce "A'uzubillahi," shuu. Har bidiyon ya ƙare labulen nan bai yi daƙiƙa ashirin a buɗe ba.

Malam Usmanu ya ce, "To yanzu me ya rage a kalla?"

"Sararin sama da motoci. Kuma ka ga yadda suka yi girgijen nan? Kamar na watan Agusta."

Malam Usmanu ya fita yana danne dariya da hula. Amma sauran biyun ba su yi dariya ba, kuma daga makon nan 'ya'yansu ba su sake taka shagon ba. Wasu gidajen suka bi sahu.

Ana saura 'yan watanni ranar da aka sa, kamfanin ya fitar da sanarwa cewa an ɗaga. Suna ba da haƙuri, wai suna son su ƙara gyara. A lokaci guda raɗe-raɗi ya bazu cewa kuɗinsa zai fi na kowane gem tsada. Tabɗi! Intanet ta kama da wuta. Bulus yana karanto mana zagi da harsuna iri-iri, wasu suna rantsuwa ko kyauta aka ba su ba za su karɓa ba, wasu suna cewa masu rantsuwar su ne za su fara shiga layi. Bappa ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya shiga gida, ya fito da tsohuwar tafiretarsa.

"Zagi ba aiki ba ne. Kweri za a ba su."

Da yatsa biyu ya buga takardar tuhumar, da Turancin ofis na da. An lura da takaici cewa kun kasa kawo aiki a ranar da kuka ɗauka da bakinku. Ku yi bayani a rubuce cikin awa arba'in da takwas dalilin da zai hana a ɗauki mataki a kanku. Ya sa hannu, ya buga kwafi uku, ɗaya na fayil. Ya ce in aika. Na rasa inda zan kai, sai na ɗauki hotonta na liƙa a ƙarƙashin sanarwar kamfanin, cikin dubban maganganun mutane.

Kullum sai ya tambaya. Rana ta huɗu wani wanda ban san ko daga wace ƙasa yake ba ya sa mata alamar fuskar nan mai dariya har da hawaye. Na nuna masa ina fargaba. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Sun karɓa. Ka ga hawaye? Jikinsu ya yi sanyi."

Wannan ita ce dariya ta ƙarshe da na tuna mun yi a shagon nan da yawanmu.

Abin da ya biyo baya kun sani, ko da yake yawancinku ba ku nan. Fetur ya yi tsadar da janareta ya koma kayan ado. In an ɗauke wuta sai a zauna ana kallon juna. Yara suka koma buga gem a waya, a ƙarƙashin bishiya, ba mai ce musu komai. Manyan kuma wasu suka koma shagunan cacar ƙwallo, wasu suka bar gari neman aiki, wasu aure ya ɗauke su. Talabijin huɗu suka koma biyu. Gara ta shiga bencinan da ba a taɓa zama a kansu ba. Mai kunu ta zo ta tsaya a ƙofa da sabuwar kularta, ta kalli shagon, ta kalli Bappa, ta juya.

A gida kuwa, karo na farko tun da aka kawo Goggo, aka fara auno masara da mudu a kasuwa. Ba ta taɓa yi masa gori ba bayan maganar fanshon nan. Ina ganin da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Sai ya tsiri azumi. Litinin da Alhamis, muka ce ma sha Allah. Ran nan na biya da rana na tarar Goggo ta kawo masa kwano ya mayar.

"Bappa, yau fa Talata ce."

"Ramuwa nake."

"Ramuwar wanne?"

"Na ƙuruciya. Kai ka san iyakar abin da na sha a ɓoye?"

Na yi murmushi don ya ga na yi. Na leƙa kwanon, na gane abin da ke ciki ba zai ishi mutum biyu ba, kuma shi ma ya gane na gane.

Da aka sake ɗaga ranar karo na biyu, ni na kai masa labarin. Na zaci zai aika a ɗauko tafireta. Sai kawai ya ce, "To," ya ci gaba da kallon titi. A ranar na tsorata.

Bai yi wata biyu ba ya faɗi a bakin shago, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. A asibiti, da bakinsa ya ɗan saki, abin da ya fara ce mini shi ne in sayar da injunan nan. Na kai su kasuwa a cikin kwalayensu, ko tef ɗin ba a ɓanɓare ba. Mai sayen ya ce ai an riga an fito da wanda ya fi su. Abin da ya ba ni a magani ya ƙare. Na je Kona wurin wanda ya sayi gonar ko zai sayar mana da ko kusurwa ɗaya nan gaba, na tarar ya yanka ta filaye har an fara zuba bulo. Ban gaya wa Bappa ba.

Wata Laraba da yamma ina zaune a gefen gadonsa ina ɓare masa lemo, Goggo ta fita alwala, sai ya ce, "Sakatare, sun sa sabon rana?"

"Sun sa, Bappa."

"Ba zan kai ba."

"Haba Bappa, za ka kai mana. Kai za ka ja labule."

Ya yi wata 'yar dariya da rabin baki. Ya lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce, a hankali, yana jan kalmomin:

"A ofis, shekara talatin da biyar, ba wanda ya kira ni sai in fayil ya ɓata. Na yi ritaya na zauna a gida, shiru har kunnena yana ƙara. Da na buɗe shago, sai ga shi kowa Bappa, Bappa. Bappa, wane ya cuce ni. Bappa ƙara mana minti biyar. Bappa zo ka ga ci. Da suka fara raguwa na ce, in abin nan ya zo za su dawo." Ya juyo da idonsa mai kyau ya kalle ni. "Ni me na sani a gem? Ku nake jira."

Lemon yana hannuna har Goggo ta dawo.

Washegari da hantsi ya cika. Cikin duk waɗanda suka taɓa cika shagon nan da ihu, mutum biyar na ƙirga a jana'iza. Ba gori nake muku ba, na san da yawa ba ku ji ba sai daga baya, kuma ni da nake gari ɗaya da shi sau nawa na wuce ta ƙofar shagon a kan mashin na ɗaga hannu kawai? Bulus ne ya yi ta jigilar mutane zuwa maƙabarta da dawowa, bai karɓi ko sisi ba. Da aka gama ya tsaya daga nesa ya cire hularsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Shagon yanzu wani mai sayar da buhunan abincin kaji ne a ciki. Goggo ta koma ɗakin da ƙaninta ya ba ta a Abbare. Gem ɗin har yau da nake wannan rubutu bai fito ba. Ana ta cewa zai karya tarihi, kuma wataƙila ya karya. Ni dai in na ga labarinsa a waya wucewa nake yi da sauri.

Wanda yake gari a cikinku, ya daure ya biya Abbare ya gaishe da Goggo. Ba sai kun kai komai ba. Ku zauna ku yi mata surutu.

Allah ya jiƙan Bappa Joda. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya karɓi azuminsa, na lada da na kunya. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sanya shi cikin taron bayinsa na gari, inda ba zai sake zama shi kaɗai yana kallon titi ba. Mu kuma da muka makara, Allah ya yafe mana. Amin.